Yadda Gado Ya Kai Injin Jiratawa Ɗari Bisa Ɗari

In ana lissafin mutanen da garin Maraɗi bai san darajarsu ba, to a fara da Gado na unguwar Zariya. Shi dai haka yake faɗa. In kuwa ka musa masa, sai ya zare tabarau ya dube ka da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa wanda aka kawo a makare.

Shekara goma sha ɗaya Gado ya yi yana buga tafireta a wani biro, wato ofis, har ranar da aka rufe biron, a shekarun nan da yajin aiki ya fi aiki yawa, kowa kuma ya koyi kalmar dimokuraɗiyya har masu facin taya sai da suka yi zaɓen farzidan, wato shugaba. Ana cikin haka wani furoje na masu ba da agaji ya tashi tura mutane Yamai koyon ordinata, wato kwamfuta, na kwana uku. Wanda aka zaɓa zazzaɓi ya kayar da shi, Gado ya hau mota a madadinsa. Ya tafi yana Gado, ya dawo yana Injiniya. Tsarabarsa biyu: kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango cike da abin da ya kwafa daga allo, da wata baƙar disket da ya kai wa baduku aka ɗinka mata gidan fata kamar laya. A cikin disket ɗin nan, in ji shi, akwai likita. Ka tura ta cikin ordinata, fuskar inji ta yi baƙi ƙirin, ka buga kalmomin da suka dace, sai likita ya bi injin daga kai har ƙafa yana ƙirge daga ɗaya zuwa ɗari, sannan ya faɗi ciwon.

To, a Jiratawa akwai wata ƙungiyar manoman rani da furojen nan ya ba ordinata guda. Gado ne aka ɗauko ya kwashe sunayen masu gonaki ɗari uku da sha biyu daga tsohon rajista ya zuba a inji. Da ya iso kan gonar zogalen matarsa Fasuma, wadda ta gada daga mahaifinta, sai yatsansa ya zame, in ji shi, ya buga sunansa a gurbin nata. Bayan damina ɗaya gara ta cinye rajistan. Ya zama duk faɗin duniyar Allah babu inda Gado yake manomi sai cikin cikin injin nan.

Kuma abin ya zo daidai, don an sa zaɓen ƙungiya ranar Asabar, kuma doka ta ce sai wanda sunansa ya fito a takardar inji zai yi zaɓe ko ya tsaya takara. Gado kujerar sakatare yake so, mai hatimi da makullin biro. Shekara goma sha bakwai kujerar tana hannun Malam Jibo, wani dattijo mai kaushin ƙafa wanda bai san a ba bai san b ba a boko, amma ya san kowace gona da mai ita da kakan mai ita.

Ranar Talata farzidan, Alhaji Idirisa, ya ce a fitar da sunaye a manna a bango. Aka kunna inji. Ya tashi yadda ya saba, a hankali, yana gurnani kamar tsohon raƙumi, amma dai ya tashi. Ga sunaye nan a fuskarsa kowa na gani.

Malam Jibo ya ce, “To danna mashi abin nan shi tofo takarda mu tahi, ruwa na jirana.”

Gado ya kara kunne a jikin inji, ya ɗaga yatsa. “Malam Jibo, kun ji wanga gurnani?”

“Tun ranar da anka kawo shi haka shike yi.”

“To tun ranar da anka kawo shi ba shi da lahiya, ba ku sani ba. Wane likita ne ke sa majinyaci aiki bai auna shi ba?”

Gaskiyar magana, manoma kusan ashirin ne suka yi cirko-cirko a taga, kuma tun dawowarsa daga Yamai bai taɓa samun taron da zai nuna wa likita ba. Ya ciro layar daga aljihun baya, ya zare disket, ya hura mata iska, ya tura. Fuskar inji ta yi baƙi. Ya buɗe kaye, ya buga layi biyu da yatsu goma cif, don a san ba ɗan koyo ba ne. Lambobi suka fara hawa. Goma. Ashirin. Talatin. Masu taga suka miƙa wuya.

A talatin da takwas likita ya tsaya cak. Sai fuskar ta cika da wani rubutu kamar kaji sun bi ta kan tawada, inji ya yi ƙara ɗaya siririya, ya sandare.

Alhaji Idirisa ya ce, “Mi ya ce?”

“Bai gama cewa ba, Alhaji. Ciwon ne ya yi mashi yawa.”

Ya kashe ya kunna. Talatin da takwas. Ya sake, wannan karon da bisimilla a bayyane. Talatin da takwas.

“Zahi ne,” in ji Gado. “Wanga abu a ƙasar sanyi anka haihe shi, kun kawo shi kun aje ƙarƙashin kwano kamar buhun takin zamani.”

Nan da nan ya sa aka kawo faifai huɗu, manoma huɗu masu gemu suka tsaya suna yi wa inji fifita kamar ango. Da hakan bai yi ba, ya tuna yadda ake sanyaya randa. Aka jiƙa buhun garara a magudanar ruwa aka naɗe injin da shi. Talatin da takwas.

“Amma kun lura hwa,” Gado ya ce, “wanga karo ya jima kahin shi mutu.”

“Allah shi ƙara sauƙi,” in ji Malam Jibo.

Ruwan buhun kuwa ya yi ta ɗiga cikin kilabiye, wato farantin haruffan da ake dannawa, har harafi ɗaya ya maƙale ya cika fuskar inji shi kaɗai layi bayan layi. Gado ya ce a shanya. Wurin shanya ɗaya ne a kusa, tabarmar da wata tsohuwa ta baza barkono a kai. Bayan awa guda kilabiye ya bushe ƙayau. Gado ya koma bugu, zufa ta gangaro masa, ya sa yatsu goman nan ya murje idanu.

Ba a taɓa jin Injiniya ya yi irin wannan ƙara ba. Ya fito daga biro yana lalube, hawaye shaɓe-shaɓe, ya tsoma kai cikin magudana. Tsohuwar mai barkono ta tafa hannu ta ce, “Allah sarki, bawan Allah! Dubi yadda shike kukan majinyaci. Ya cika ne?”

Da idanun suka buɗe, ja wur, ya koma ya nemi shafin da aka rubuta abin yi in likita ya ƙi. Akwai wasu layuka da inji ke karantawa duk lokacin da zai tashi, kaye ya ce a gyara su. Gado ya gyara su gyara mai kyau. Aka kashe aka kunna. Daga nan injin bai ƙara farkawa da fuskarsa mai hotuna ba. Baƙi kawai, da ɗan farin ɗigo a kusurwa yana ƙyafta ido.

Alhaji Idirisa ya leƙa. “Injiniya, ina sunayen?”

“Suna ciki.”

“Ɗazu ina ganinsu da idona.”

“Ɗazu a waje suke, iska na bugunsu. Yanzu na maishe su ɗaki. Alhaji, matsalar kuran ce, wutar lantarki. Famfunan ban ruwanku sun shanye mai kauri, sun bar ma inji tsululu. Sai na tahi da shi birni.”

Laraba da hantsi kabu-kabu biyu suka shiga unguwar Zariya, ɗaya ɗauke da Gado rungume da inji, ɗaya ɗauke da fuskar gilashin an ɗaure ta da igiyar guga. Kafin a sauke, labari ya zaga cewa Gado ya sayo talabijin. Mata suka zo da tabarmi. Gado bai kore su ba. Mutum ba ya korar jama'a.

Suka zauna a tsakar gida suna kallon baƙar fuska tana ƙirge. Da ta mutu a talatin da takwas, Saudatu maƙwabciyarsu, mai bakin da ba ya ajiya, ta ce, “Baban Tahira, wagga talabijin ba ta da mutane?”

“Ba talabijin ba ce, Saudatu, ilimi ne.”

“To ilimin naka talatin da takwas ya iya? Jikata ma ta kai hamsin.”

Gado ya ce kuran ɗin gida ma a rabe yake, dole a tattara shi wuri ɗaya. Ya zare wayar firjin da Fasuma ke daskarar da lamurje na sayarwa. Ya bi gida-gida yana roƙon a kashe rediyo da bantilata, wato fanka, na rabin awa, don aikin ƙasa. Wasu suka kashe don kunya, wasu don son ganin ƙarshen abin. Ya dawo ya danna. Ana ashirin da biyar sai aka ɗauke kuran na unguwa gaba ɗaya, yadda aka saba ɗaukewa kowace rana ta Allah. Amma ranar babu wanda ya yarda yadda aka saba ne.

“Injin Gado ya shanye kuran!”

Mai walda ya zo da tabaransa a goshi. Mai injin niƙa ya zo fari fat da gari, bayansa mata bakwai da kwanonin hatsi. Gado ya tsaya a ƙofar gida yana yi musu bayani da Faransanci, abin da ya ƙara musu tabbacin shi ne.

Da aka watse, Fasuma ta fito da roba cike da lamurjen da ya narke ta dire a gabansa. Mace ce marar hayaniya, sai dai maganarta kamar allura.

“Injiniya, ga shi, ko injin zai sha?”

“Uwar Tahira, ki bari. Ranar Asabar matar sakatare za a ce maki.”

“Ni dai tambaya guda gare ni. Ranar da kunka kunna, sunayen sun hito?”

“Sun hito.”

“Takarda akwai?”

“Akwai.”

“To mi ya hana ka buga?”

Gado ya zare tabarau ya dube ta da tausayin nan. “Wanga shi ne bambancin wanda ya je Yamai da wanda bai je ba.”

“Haka ne,” ta ce. “Wanda bai je ba da yanzu ya manna takarda.”

Alhamis ya ɗauki inji sai garin Tsibiri, wurin Maman Lawali mai gyaran rediyo. Ba don yana ganin Maman ya fi shi sani ba, Allah ya kiyaye. Don dai Maman na da sukurdireba. Maman Lawali Bagobiri ne, Gado Bakatsine, kuma kowa ya san in waɗannan biyu suka haɗu babu mai raga wa wani.

Tun daga nesa Maman ya hango shi yana nishi da kaya a ka. “A'a! Bawana ne da dakon kaya? Shigo, shigo, dama na ce wata rana za ka gano sana'ar gidanku.”

“Tashi ka karɓi ubangidanka, mai zanen kaza a kumatu. Aron sukurdireba na zo, ba aron hankali ba, na san ba ku da shi.”

Aka buɗe cikin inji. Maman ya hura, ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can, ya ce shi bai ga abin da ya ƙone ba. Aka mayar aka ɗaure, kusoshi uku suka yi saura. Gado ya tura likita don Bagobiri ya ga ikon Allah. Bagobiri ya ga talatin da takwas.

“Sake.”

Talatin da takwas.

Maman ya miƙa hannu. “Ba ni likitan in gani.” Ya ɗaga disket ɗin a rana, ya karkata ta, ya kanne ido ɗaya. “Ina kake aje ta?”

“Cikin gidanta.”

“Gidan nata ina shike kwana?”

“Aljihun baya.”

“Ka hau moto da ita, ka zauna majalisa da ita, ka yi tahiya da ita tun daga Yamai?” Maman ya fashe da dariya har sai da ya riƙe teburi. “Bawana, dubi nan, ta lanƙwashe kamar ƙosai. Kaset in ta tauye, kullum wuri guda waƙa ke tsayawa, ko a rediyon Sarki ka sa ta. Injin nan lahiyarshi lau. Likitan ne ba shi da lahiya, kai ka zaune shi!”

Masu zaman rumfar suka kwashe da dariya. Wani mai sayar da rake ya ce, “Bakatsine ya zaune likita!”

To jama'a, a duba wa Gado. Ko da maganar nan gaskiya ce, a bakin wa ta fito? A bakin Bagobiri, a tsakiyar Tsibiri, gaban mai rake. In ya karɓa, har jikokinsa sai an yi musu waƙa da ita. Ya fizge disket ɗinsa.

“Kai da ka ƙare ilimi a batir da eriya, kai za ka auna likitan da Nasara ya haɗa? Lanƙwasar da ka gani haka anka ƙera ta, don ta bi zagayen inji.”

“To bar shi nan in nemo maka wanda zai maido sunayen, akwai wani a Katsina.”

“In kai ma Najeriya aikin da na hi su sani? Ɗora mani kayana.”

Maman ya ɗora masa, ya zuba masa kusoshi ukun a aljihu. “Ga canjinka, bawana. Ka gaida talatin da takwas.”

Kafin ya iso Maraɗi sabon sunan nan nasa, talatin da takwas, ya riga shi isowa.

Juma'a Alhaji Idirisa ya aiko har sau biyu. Gado ya ce a gaya masa a shirya tebur a fili, a jawo waya mai tsawo, gobe gaban jama'a za a yi ta, don dimokuraɗiyya ba ta son ɗaki.

Asabar da safe filin ƙungiya ya cika. Manoma a ƙarƙashin itacen bedi, mata a gefe guda da mayafai, Fasuma a cikinsu, masu tallan ƙosai da fura sun kafa kasuwa. Har Maman Lawali ya hawo keke daga Tsibiri, ya ce ko biki na ɗiyarsa ne ba zai hana shi zuwa ba. Gado ya iso cikin kwat, a zafin nan, ya zauna gaban inji. Ya tura likita. Jama'a, da yake labari ya game, suka kama ƙirge tare da shi, da aka zo wurin kuwa suka faɗa da baki ɗaya tun kafin inji ya faɗa:

“Talatin da takwas!”

Inji ya yi ƙararsa siririya ya sandare.

Alhaji Idirisa ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. “Gado.” Yau babu Injiniya. “Mutum ɗari uku na kira. In babu takarda babu zaɓe, in babu zaɓe ni za su ci. Kahin su ci ni kuwa sai na ci ka.”

Gado ya shiga juya kaye. Shafin zafi ya yi. Shafin kuran ya yi. Shafin gyaran layuka, wannan ma ya yi, ya san ya yi. Sai ya kai shafin ƙarshe. Layi ɗaya ne tak a ciki, gajere, ya kewaye shi da jan alƙalamin bik yadda mushe, wato malamin da ya koya musu, ya kewaye shi da jan alli, har da ja uku a ƙasa. Ya tuna ranar sarai. Mushe ya rubuta, ya juyo, ya buga allo da hannu ya ce duk abin da zai faru, kada wanda ya kuskura ya buga wannan a injin mutane.

Murmushi ya suɓuce wa Gado. Shi da ya yi allo kafin ya yi lakkol, wato boko, shi za a gaya wa halin malamai? Wane malami ne ke ba almajiransa babban laƙani hannu sake? Sai ya kai shi ƙarshen littafi, ya ce kada a taɓa, mai taɓawa zai haukace, don kada ɗalibi ya kamo shi. Ashe Nasara ma haka suke.

Ya miƙe ya gyara kwat. “Jama'a! Duk abin da kunka gani kwana huɗu, share hili ne. Yanzu zan hiddo abin da malaminmu ya ɓoye ma sauran ɗalibai.”

Malam Jibo ya matso ya leƙa kaye. “Ni ban iya boko ba, amma mi ya sa wanga ke cikin jan shinge?”

“Don shi ne babba.”

“A gona dai in ka ga an ɗaura jan ƙyalle, rijiya ce ta rufta.”

“Wanga ba gona ba ce, Malam Jibo. Ja da baya, kar shi taɓa ka.”

Daga can Maman Lawali ya ɗaga murya, “Bawana, abin da malami ya hana, bar shi!”

Wannan ce ta ƙarasa shi. Ya zauna ya buga layin. Inji ya amsa nan take, ya jero magana da manyan haruffa cewa duk abin da ke ciki zai ɓace, a ci gaba ko a bari?

Alhaji Idirisa ya ce, “Mi ya ce?”

Gado ya karanta, kuma ya fahimta, don Faransancinsa ba na wasa ba ne. Amma duk wanda ya taɓa zama da masu wuridi ya san in an kusa buɗi sai an zo maka da abin tsoro, a ga ko kai namiji ne.

“Barazana ce shike yi, Alhaji. Ya ga an kamo shi.”

Ya danna e.

Lambobi suka fara hawa. Jama'a suka kama ƙirge da shaƙiyanci. Talatin da biyar, talatin da shida, talatin da bakwai. “Talatin da tak...”

Talatin da tara.

Arba'in. Arba'in da biyar. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Hamsin! Yanzu ƙirgen na gaske ne, har masu ƙosai sun bar kasko. Gado ya miƙe tsaye ya harɗe hannuwa, ya nemo Maman Lawali da ido ya zare masa tabarau. Saba'in! Alhaji Idirisa ya kama hannunsa yana girgizawa, “Injiniya! Injiniya, ka yahe mani!” Tamanin! Wani maroƙi da ba a san daga inda ya ɓullo ba ya fara, “Gado na Fasuma, gagara Gobirawa, mai magana da ƙarhe!” Casa'in da tara.

“Ɗari!”

Samari suka zaunar da shi suka ɗaga shi sama da kujerarsa suka zaga bedi da shi. Takalminsa ɗaya ya faɗi, bai damu ba. Daga sama ya yi wa jama'a alkawarin in ya hau, kowace gona sai ta san ordinata.

Aka sauke shi gaban inji. Alhaji Idirisa, fuska kamar gonar auduga, ya ce, “To bisimilla, hiddo muna sunaye.”

Gado ya buga kalmar da ke sa inji ya jero abin da ke cikinsa. Inji ya ba da amsa layi ɗaya. Ya sake bugawa a hankali, da yatsa ɗaya wannan karon. Layi ɗaya dai. Ya kashe ya kunna. Yanzu ko ɗan ɗigon mai ƙyafta ido sai da ya yi shawara kafin ya fito, ya ce shi bai san kowa ba, a ba shi abin da zai tashi da shi.

“Mi ya ce?”

“Ya ce... ya warke.”

“Alhamdu lillahi. Sunayen hwa?”

“Ciwon, Alhaji, ashe a cikin sunayen shike.”

Sai da maganar ta yi tafiya daga layin gaba zuwa na baya, ta dawo da hayaniya. Wani ya ce an sayar da zaɓe. Wani ya ce a kamo kwat ɗin. Maroƙi ya sulale. Maman Lawali kuwa ya kwanta a ƙasa kusa da kekensa yana shure-shure, ana yi masa fifita.

Malam Jibo ne ya ɗaga sanda. “Ku dakata. Sunaye ba su ɓace ba, gonaki na nan inda suke. Zan bi magudana daga famfo na hwarko har ƙarshe, in kira gona in kira mai ita. In na yi kure, maƙwabcinshi na nan, shi gyara mani. Sai dai a samu mai rubutu.”

Aka duba hagu aka duba dama. Mutum ɗaya ne a filin nan zaune gaban tebur, da kaye da bik a hannu.

“Rubuta, Injiniya,” in ji Alhaji Idirisa.

Malam Jibo ya lumshe ido ya fara. Gona ta ɗaya, wane ɗan wane. “Na'am!” Ta biyu, magadan wane, babbansu ke riƙe. “Haka ne!” Gado na rubutu, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yana addu'ar Allah ya sa tsufa ya taɓa dattijon nan ko sau ɗaya. Har aka wuce ɗari ba a gyara masa ko wasali ba.

“Ta ɗari da sha huɗu, mai zogale, jikin kwalbati. Fasuma ɗiyar Malam Zakariya'u.”

Bik ya tsaya.

“Malam Jibo, a nan akwai ɗan gyara. A inji...”

“Wane inji?”

“Ai mata da miji abu guda ne.”

Malam Jibo ya buɗe ido ya juya wajen jama'a. “Maƙwabtan ɗari da sha huɗu, wa kuke gani a gonar?”

“Fasuma!”

“Shi hwa?”

Wani tsoho ya ce, “Ya taɓa zuwa sau guda. Ya tambaye ni wace ce tasu.”

Malam Jibo ya dubi wajen mata. “Fasuma, kina nan?”

Ta gyara mayafi. “Ina nan, Baba.” Sannan ta dubi mijinta, a natse. “Baban Tahira, ka rubuta da kyau. Ka kama yatsan nan, kar shi sake zamewa.”

Ya rubuta. Hannunsa mai kyau ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ya rubuta har ɗari uku da sha biyu, aka manna shafukan kayensa a bango, aka kira ƴan takarar sakatare, aka nemi sunan Gado sama da ƙasa cikin rubutun Gado ba a samu ba. Masu zaɓe suka yi layi bayan Malam Jibo. Aka roƙi waɗanda ba manoma ba su koma bayan igiya, wurin masu ƙosai.

Nan Maman Lawali ya same shi, tsaye da takalmi ɗaya, ya miƙa masa ƙosai a takarda. “Ci, bawana. Ka yi aiki.”

Gado ya karɓa, don yunwa ba ta san Bagobiri ba. Ya tauna, ya haɗiye, ya dubi layin da matarsa ke tsaye a ciki tana hira abinta.

“Ku dai faɗi abin da kuke so,” ya ce. “Amma kai shaida ne, gaban mutum ɗari uku anka yi. Duk ƙasar Katsina da Gobir, wa ya taɓa kai shi ɗari in ba ni ba?”